Azara da Katako: Yadda Ake Zaɓen Itacen Gini

Darasin wannan wata ya shafi itacen da ke riƙe ɗaki. A Nasarawa Burkullu da sauran garuruwan Bukkuyum, Anka da Gummi, yawancin bango na ƙasa ne ko na bulo. Amma nauyin rufi yana bisa itace, ko azara ko katako. Idan itacen ya gaza, rufin kan masu barci zai faɗo.

A Amurka bangon ma da katako ake yinsa. Ana jera katakai a tsaye, inci 16 tsakanin kowane biyu, sannan a rufe su da allo. Katakon da suke kira biyu-da-huɗu, in an auna shi, inci ɗaya da rabi ne da inci uku da rabi, domin an busar da shi an kuma fere shi. A nan ma suna daban ne, awo daban. Saboda haka mai saye ya tafi kasuwa da tef ɗinsa.

Azara daga giginya ake tsago ta. Ƙarfinta yana wajen bayan itacen, inda yake baƙi mai tauri. Cikin giginya kuwa laushi gare shi, ba ya ɗaukar kaya. Magina sun fi son namijin giginya da ya tsufa. Azara mai kyau tana da nauyi a hannu, kuma gara ba ta cika damunta ba. Wadda ta yi fari da yawa ko ta yi sakayau, a bar wa mai ita, ko da ya karya kuɗinta.

Sai dai azara tana da iyaka. Rufin soro ƙasa ce mai nauyi, kuma nauyin yana ƙaruwa idan ta sha ruwan Agusta. Bai kamata azara ta tsallake fili fiye da kamar ƙafa 6 ba tare da abin da ya tokare ta ba. Shi ya sa ɗakunan da ba su da faɗi. Wanda ke son ɗaki mai faɗi, magini zai fara gicciya gajerun azara a kusurwoyi domin rage filin, ko ya tsayar da ginshiƙi, ko ya yi bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830. Yau wasu na ɗora doguwar azara bisa ɗaki mai faɗi don gudun kuɗin ginshiƙi. Ba a daɗewa take lanƙwashewa, ruwa ya kwanta a tsakiyar soro, yoyo ya fara.

Ga mai rufin kwano, katako ne abin lura. Tsawonsa a kasuwa yawanci ƙafa 12 ne. Biyu-da-huɗu, wanda kafintoci ke kira tu-bai-fo, shi ake yin rafta da shi a ƙaramin ɗaki. Babban ɗaki yana bukatar biyu-da-shida. Biyu-da-uku shi ake kwantarwa a gicciye a buga kwano a kansa. Biyu-da-biyu na silin ne kawai, kada a ɗora masa rufi. A tsayar da rafta bisa gefenta siriri, faɗin inci 4 ɗin ya kasance a tsaye, domin ta haka ta fi ƙarfi.

Ga lissafi ga ɗalibai. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12, ana son rafta bayan kowace ƙafa 4. Rafta nawa za a jera? Mai gaggawa zai raba 12 gida 4 ya ce 3. Amsar ita ce 4, domin akwai ta bakin farko. Da yawa sukan dawo daga kasuwa da katako bai cika ba saboda wannan ɗaya.

Maɗaci yana da tauri, amma da tsada. Farin katako mai araha abincin gara ne, sai an shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora, har da wurin da zarto ya yanka. Ɗanyen katako kuma yana murɗewa in ya bushe, ƙusa ta saki. A jera shi a inuwa, a sa tsinke tsakaninsa iska ta ratsa.

Iskar farkon damina ba kwano kaɗai take ɗauka ba, takan tashi da katakon duka. Maganin wannan shi ne a binne langa-langa ko waya mai kauri cikin bango tun ana gini, layi uku ko huɗu kafin a kai sama, sannan a ɗaure katakon da ke kwance bisa bango da ita. Dutse ko tsohuwar taya bisa kwano ba ta maye gurbin wannan ɗauri.