Gansakuka cikin tankin kifi

Mai kiwon kifi a gida, ko a Tsibiri kake ko a Jiratawa, ka riƙa duba ruwan tankinka. In ya koma kore shar, gansakuka ce ta yi yawa.

Gansakuka tsiro ce. Abu 2 ke raya ta: hasken rana da dauɗa, wato ragowar abinci da kashin kifi. ƴar kaɗan ba ta da laifi, don karfasa na cin ta. Amma in ta yi yawa, da dare tana shanye iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa. Da asuba sai ka ga kifi sun taso sama suna haki, wasu ma su mutu. Abin ya fi tsanani da bazara.

Ga yadda ake gwadawa: tsoma hannunka har gwiwa. In ba ka hango tafinka ba, to, tashi tsaye.

Yi wa tankin rumfa da zana. Ba kifi abincin da za su cinye nan take. Kowane mako, kwashe kashi 1 cikin 4 na ruwan, ka zuba sabo. Goge bangon tanki, amma ban da sabulu, don yana kashe kifi. Tsohon ruwan kuwa, kai shi lambu, taki ne.