Darasi: Yarinyar da ta janye hannu daga kwano alhali akwai hatsi a rumbu

Iyaye mata da wakilan lafiya na garuruwa, waɗanda muka saba kira rele, kun san tamowar da yunwa da ciwo ke kawowa. Kun iya ɗaura ma'auni a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, kun san idan ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, sai asibiti. Darasin wannan karo ya shafi wata rama dabam wadda ba dominta aka yi wannan ma'auni ba: ramar yarinyar da ta soma tasawa, ko yaro sa'anta, da ke ƙin abinci alhali ga shi a gabanta.

A gidan da ake ci a kwano ɗaya, ba wanda ke ƙirga lomar wani. Yarinya tana iya zama da ƴan uwanta, ta gutsuri tuwo sau biyu, ta wanke hannu, ta ce ai ta sha fura a gidan goggo. Hijabi kuma yana rufe jiki. Sai a yi watanni kafin uwa ta lura da ƙashin wuyanta.

Abin da za a fara bincika shi ne jiki. Tarin fuka, tsutsar ciki, ƙarancin jini, ciwon sukari, sida, ko ciki na fari, kowannensu yana iya hana cin abinci, kuma ma'aikacin lafiya ne kawai zai tantance. Idan an duba ba a sami kome ba, rama kuma ba ta tsaya ba, sai a waiwayi abin da ke cikin zuciya.

Akwai ciwon da likitoci ke kira anoreksiya, wanda wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa wa suna a 1873. Mai shi tana rage abinci har ta kai gaɓar halaka, kuma ba ta ganin haɗarin. Akwai ɗan uwansa, bulimiya, wanda Gerald Russell ya bayyana a 1979: a ci da yawa a ɓoye, sannan a jawo amai ko a sha maganin zawo. Sun fi kama mata fiye da maza, galibi a shekarun balaga, kuma anoreksiya na cikin cututtukan tunani da suka fi kisa. A Turai masu ciwon sukan ce ƙiba suke tsoro. Amma a Hong Kong likitoci sun ga ƴan mata masu shi da ba su taɓa ambaton ƙiba ba, kukansu kumburin ciki ne ko rashin sha'awar abinci. Don haka a ƙasa irin tamu, inda cikar jiki ado ce, kada rele ya jira sai ya ji yarinya ta ce tana gudun ƙiba. Baƙin cikin rasuwar uwa, gudun hijira, auren da ba ta so, cire ta daga makaranta, ko gorin sa'anni, duk suna iya rufe wa yarinya baki.

Ɗaya ɓangaren ma yana nan: yarinyar da aka yi wa gorin rama har ta koma sayen ƙwayoyin ƙiba a hannun masu tallar magani. Wasunsu, kamar dexamethasone, kumbura fuska suke yi, su hau da jini da sukari, su raunana garkuwar jiki. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina farat ɗaya. Likita ne zai rage mata a hankali.

A Ingila, asibitocin da ke kula da matasa masu irin wannan ciwo suna da ma'aikaciyar da ake kira mataimakiyar masanin halayyar ɗan Adam. Ba ta rubuta magani, ba ta yanke hukunci a kan ciwo ita kaɗai. Tana aiki ne a ƙarƙashin gwani wanda take kai wa rahoto. Ɗaya daga cikin ayyukanta kuwa abu ne da za a iya rainawa: zama da yarinya lokacin cin abinci. Tun kafin a zauna an tsai da abin da za a ci da yawansa, don kada akushi ya zama wurin ciniki. Ana ba da kamar rabin awa. Mataimakiyar tana hira a kan wani abu dabam, idan hannu ya tsaya ta ce a hankali, "Ƙara loma ɗaya, ina nan tare da ke." Ba tsawa, ba roƙo da hawaye. Bayan an gama ba ta tashi, domin a lokacin ne tsoro ya fi tasowa, a lokacin ne kuma ake zagawa a yi amai. Sannan ta rubuta abin da aka ci da abin da yarinyar ta faɗa.

Hanyar da ta fi amfani ga matasa an gina ta ne a asibitin Maudsley da ke Landan, kuma ginshiƙinta iyaye ne. Ba a ɗora musu laifi, ba a ɗora wa yarinyar. Ana koya musu su ɗauki ciwon a matsayin baƙon da ya shigo gida, su karɓi ragamar abinci na ɗan lokaci, su mayar mata da ita sannu a hankali idan jiki ya dawo. A ganinmu wannan ya dace da gidajenmu ƙwarai, domin uwa da kaka da goggo suna kusa. Sharaɗin shi ne bakinsu ya zo ɗaya. Idan uwa ta ce a ci, kaka ta ce a ƙyale ta, ciwon ne ya yi nasara a ranar.

Rele ba likita ba ne, amma rabin wannan aiki yana hannunsa. Ya samu uwar a keɓe, ba a bakin rijiya ba. Mace ce ta fi dacewa ta zauna da yarinyar, ta tambaye ta, "Ƴata, me ke damunki?" sannan ta yi shiru ta saurara, ko da amsar ba ta zo ran farko ba. A zuba mata nata a kwano dabam don a ga abin da ta ci. Duka da ɗure ba sa magani, ɓoyo suke ƙara koya mata. Idan iyali sun ce iska ce ko sammu, ba sai an yi musu gardama ba: a ci gaba da addu'a, a kuma tafi asibiti.

Wasu alamu ba sa jiran gobe: suma ko jiri idan ta miƙe, sanyin hannu da ƙafa ko da zafi ake yi, kumburin ƙafafu, amai da jini, ƙin shan ruwa, ko furta cewa gara ta mutu. Ɗaukewar haila na watanni ma abin kai wa likita ne. Wadda ta daɗe ba ta ci sosai ba kuwa, kada a cika mata ciki rana ɗaya don murnar ta yarda. Kun ga yadda a CRENI ake fara wa yaro da madarar F-75 kafin a kai ga F-100 ko Plumpy'Nut. Dalilin ɗaya ne. Jikin da ya saba da yunwa, idan abinci mai yawa ya afka masa, gishirin jini yana rikicewa har zuciya ta iya tsayawa. A kai ta CSI mafi kusa, ma'aikacin lafiya ya tsara yadda za a fara, ko ya tura ta babban asibiti. Rele ya rubuta ranar da aka je, ya koma gidan a cikin mako.