Kiwon ƙaguwa mai aron gida: shawarwari ga iyali

A shagunan bakin teku na Amurka ana sayar wa yara wata 'yar ƙaguwa a cikin akwatin roba, a matsayin kayan wasa. Bayanta laushi gare shi, shi ya sa take cusa shi cikin katantanwar da dodon koɗi ya mutu ya bari, ta riƙa yawo da ita. Wadda aka fi sayarwa ta yankin Karibiyan ce, masana na kiranta Coenobita clypeatus. Kusan dukkansu kamo su ake yi daga gaɓar teku, domin 'ya'yansu a cikin ruwan teku suke fara rayuwa. Takan wuce shekara 20 in ta sami kulawa, amma da yawa ba sa cika shekara a hannun masu saye. Duk wanda amanarta ta shiga hannunsa, ga abin da ya kamata ya sani.

1. Danshi kafin komai. A tudu take zaune, amma abin numfashinta irin na kifi ne, sai da laima yake aiki. Iska ta bushe, numfashi ya gagare ta, ta mutu a hankali ba wanda ya lura. A sama mata akwatin gilashi mai murfi, danshi ya tsaya tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, zafi kuma digiri 24 zuwa 29 a ma'aunin salshiyos. A sayi na'urar awo, kada a yi kirdado. Ɗakin da aka kunna wa na'urar ɗumama wuri ko ta sanyaya iska yakan bushe ƙwarai, haka ma iskar hunturu.

2. A zuba yashi mai tsabta kashi biyar, garin ɓawon kwakwa kashi ɗaya, a jiƙa shi daidai yadda in an dunƙula ba zai warwatse ba. Zurfinsa kada ya gaza santimita 15, ko ninki uku na tsayin babbar ƙaguwar da ke akwatin.

3. Idan ta binne kanta, a ƙyale ta. Nan ne mutanen kirki suke yin kisa da kyakkyawar niyya. Ƙaguwa tana saɓa kamar maciji, in ba ta saɓe ba ba ta girma. Sai ta nutse cikin yashi ta yi makonni, babba ma ta yi watanni, ba ci ba motsi. Yara su tayar da hankali, uwa ta ce "bari dai in duba ko tana da rai", ta tona. A lokacin jikin ƙaguwar taushi tiɓis, ramin ya rufta mata, ko 'yan'uwanta su ji ƙamshinta su far mata. Tsohon ɓawon ma kada a zubar, cinye shi take yi ta mayar da sinadarin kalsiyam da zai ƙarfafa sabon. A ci gaba da canja ruwa da abinci, a haƙura.

4. Ruwa kwano biyu: na daɗi wanda aka cire wa kulorin, da na gishiri. Gishirin da ake haɗa ruwan kifin teku da shi ake nufi, ba na miya ba. Kowane kwano ya isa ta nutse, a sa tsakuwa ta taka ta fito.

5. Katantanwa uku zuwa biyar ga kowace ƙaguwa, masu ɗan ɗara wadda take ciki. Ni dai ba na goyon bayan masu fentin nan da ake yi wa zane don jan hankalin yara: fentin yana ɓarewa, ita kuma ta ci. Kada a kuskura a zaro ta daga gidanta da ƙarfi, ta gwammace ta tsinke da ta saki.

6. Ba ta da tsirfa wajen ci. Mangwaro, gwanda, kwakwa, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, kifi ko busasshen jatan lande marar gishiri, duk tana so. A ajiye da daddare, lokacin da take fitowa, a kwashe ragowar da safe. Ban da abinci mai yaji ko magi.

7. Kada a ajiye ɗaya tilo, a garke suke rayuwa. A sa musu itacen hawa da wurin ɓuya. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa suna kashe su, kada a yi amfani da su a ɗakin da akwatin yake. A koya wa yara kallo ta gilashi, domin yawan ɗauka yana wahalar da ita, kuma in ta tsorata tana datse yatsa.