Allurar Sin Ba Ta Buɗe Bututun Mahaifa

Wata baiwar Allah ta dawo asibitinmu cikin makon nan, riƙe da tsohon katinta a cikin leda. Da aka ɗauko fayil ɗinta sai na tarar da rubutun hannuna. Shekararta 35 a wancan lokacin. Ciki ɗaya ta taɓa yi, ya zube, aka yi mata wankin ciki a bayan wani kemis, daga nan shiru. HSG, hoton bututun mahaifa, ya nuna bututun biyu a toshe, na dama har ya kumbura da ruwa. AMH ɗinta kuwa, gwajin da ke nuna yawan ƙwan da ya rage mata, lafiya lau, irin wanda ke sa likita murmushi. A ƙasa na rubuta abu uku: a cire bututun da ya tara ruwa, a gwada maniyyin maigida, a shirya IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a lab sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Yanzu shekararta 41, ba a yi ko ɗaya ba.

Na ce, "Hajiya, ina kika shiga?"

Ta ce, "Likita, allurar Sin nake ta yi."

Ƙawarta ce ta kai ta wani shago, irin waɗannan da suka cika gari yanzu, masu allo ɗaya da ya haɗa kaho da tausa da akufanca (allurar Sin) da maganin ƙarfin maza. Mai shagon ya sa farar riga, ya damƙa mata wani ƙarfe da ke haɗe da kwamfuta, cikin 'yan mintuna takarda ta fito da jerin cututtuka. Ya karɓi hoton HSG ɗin da muka yi, ya ɗaga shi sama yana dubawa (ita da bakinta ta ce a kife ya riƙe shi), ya ce sanyi ne ya daskare mata a mara, allura za ta narkar da shi. Ya ƙara da cewa likitoci wuƙa kawai suka sani, kuɗinta suke so. Wannan maganar ce ta shige ta, don dama tsoron tiyata take yi, kuɗin IVF ɗin ma ya tsorata ta.

Aka fara. Sau biyu a mako ana jera mata allurai a mara da ƙafafu da kunne. In kwas ya ƙare a ce saura kaɗan, a buɗe sabo. Ga wasu ƙwayoyi a farar roba, babu suna, babu lambar NAFDAC, tana haɗiya safe da yamma. Adashinta ya tafi, sarƙa da ɗan kunnen gwal ɗinta suka bi baya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da al'adarta ta fara rikicewa, tana tsallake wata, mutumin nan ya ce mata alamar magani ya kama ne, mahaifa na shirin karɓar ciki. Ƙwanta ne ke ƙarewa, shi yana yi mata albishir.

Maigidan kuwa tun farko ya ce shi lafiyarsa ƙalau, babu mai ba shi kwalba. Da gorin dangi ya yi yawa ya ƙara aure. Amarya ma ta shekara biyu shiru, sai ga shi ya lallaɓa wani lab shi kaɗai. Sakamakon na gabana yanzu: 'yan tsiraru, yawancinsu ba sa motsi. Wato shekara shida ana soka wa mace allura, alhali rabin matsalar na zaune a falo yana kallon ƙwallo.

Na maimaita mata AMH, ya faɗi warwas. A sikanin da kyar na ƙirga ƙwayaye kaɗan. Na zaunar da su na gaya musu gaskiya, cewa za a iya gwadawa, amma damar da take da ita a 35 ta wuce. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi: ko za ta ci gaba da allurar kafin a fara.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba gaba nake da allurar Sin ba. Tsohuwar sana'a ce, a ƙasar Sin manyan asibitoci na da sashenta, masu yinta kuma shekaru suke yi a jami'a. A kan ciwon baya da wasu nau'o'in ciwon kai akwai binciken da ya nuna tana ɗan taimakawa. Amma haihuwa magana ce daban, kuma an gwada, ba sau ɗaya ba.

Hayaniyar ta samo asali ne daga wani bincike da aka yi a Jamus a 2002, a kan mata 160 masu IVF. Rabinsu an yi musu allura minti 25 kafin mayar da ɗan tayi da kuma bayansa. Kashi 42.5 cikin ɗari suka samu ciki, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 26.3. Duniya ta ɗauka, asibitocin haihuwa a Turai da Amurka suka fara ɗaukar masu allura aiki. Har yau wannan lissafin ne 'yan shago ke liƙawa a Facebook. Abin da ba sa faɗa shi ne ɗaya ɓangaren ba a yi musu komai ba, kowa ya san wacce aka soka da wacce ba a soka ba, kuma mutum 160 ba su isa a yanke hukunci ba.

Da aka zo aka yi abin da kyau, labari ya canza. A 2018 mujallar JAMA ta buga binciken Caroline Smith da abokan aikinta, a kan mata 848 a cibiyoyin IVF 16 na Ostareliya da Niyu Zilan. Wasu aka yi musu allurar gaske, wasu ta bogi wadda ba ta ma huda fata. Waɗanda suka haifi ɗa mai rai: kashi 18.3 da kashi 17.8. Babu bambanci. Kafin nan, a 2017, a ƙasar Sin ɗin kanta an gwada a kan mata 1,000 masu PCOS, matsalar homon da ke hana ƙwai fita. Clomiphene, maganin da ke sa ƙwai fita, ya kusa ninka haihuwa, kashi 28.7 a kan 15.4, allura kuwa ba ta ƙara komai ba. Mutanen da suka gaji abin daga kakanninsu ne suka auna suka faɗi haka, sai wani da ya yi kwas ɗin mako biyu a intanet ya ce shi yana buɗe bututu?

Allura ba ta buɗe bututun da ya toshe. Ba ta ƙara yawan ƙwai. Ba ta mayar da shekaru baya. Duk wanda ya ce miki tana yi, ƙarya yake, ko da ya rantse.

To wa nake bari ta yi? Matar da ke kan magani, an san matsalarta, an gwada mijinta, ta ce min kwanciyar nan ta rabin awa a ɗaki shiru tana sauke mata fargaba. Wanda bai ga mace a makonni biyun jiran gwajin ciki ba bai san fargaba ba, ga waya daga uwar miji kullum. Irin wannan ba na hana ta. Ina dai gaya mata a fili cewa kwanciyar hankali take saya, ba ciki ba, kuma kada kuɗin ya fito daga na magani.

Ko ita ma sai da sharaɗi. Allura sabuwa, a yage ledarta a gabanki, a jefar bayan an gama. Na sha jin masu tsoma tsofaffi a sifirit suna cewa sun tsabtace. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, kuma sifirit ba abin dogaro ba ne a kansa. In kina kan masu tsinka jini kamar Clexane ko asfirin, ki faɗa. Bayan an ɗebi ƙwai, mara a kumbure take, kada kowa ya kusance ta da allura, balle kaho. Allurar ƙirji da ta bayan kafaɗa a hannun wanda bai iya ba tana iya huda huhu. Masu ƙona ganye a kan cibiya kuwa, na ga tabon da suke bari.

Sai ƙwayoyin nan marasa suna. Wallahi sun fi allurar damuna. Muna auna homon ɗinki kwana-kwana, muna daidaita allurar ƙwai da lissafi, ke kuma kina haɗiyar abin da mai sayar da shi ma bai san me ke ciki ba, sannan in sikanin ya rikice a ce likita bai iya ba. Ku daina ɓoye mana. Ba duka za mu yi ba. Ki zo da robar, ki ajiye a kan tebur. Kuma kada wani mai shago ya sa ki dakatar da progesterone, maganin riƙe ciki, wai allura ta wadatar. An yi, ciki ya zube.

Na sake faɗa, ƙwayoyi marasa suna a bar su. Allura sabuwa ko a fasa.

Maza kuma, gwajin maniyyi shi ne mafi arha da sauƙi a duk harkar nan, babu wuƙa babu jini. Kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun namiji a matsalar. Ƙin yin sa zalunci ne ga matar da ake ta yi wa gori, da wadda za a auro a kanta.

In shekarunki ba su kai 35 ba, kun shekara ɗaya ba ciki, ku zo. In kin haura 35, wata shida ya isa. In an riga an ce miki bututu a toshe yake, ko al'ada ta fara tsallake, babu sauran jira. Ku zo tare da maigida, ki taho da duk takardun gwajin da kika taɓa yi da duk abin da kike sha.