Yadda Ake Fara Kula da Amosanin Idon Sawu Ba Tare da Shan Magani Ba

Amosanin idon sawu yana samuwa ne idan guringuntsi, wato shimfiɗa mai santsi da ke kan ƙasusuwa a cikin gaɓa, ya zaizaye har ƙashi ya soma gugar ƙashi. Saɓanin na gwiwa, wanda tsufa ke yawan jawowa, galibin na idon sawu yana biyo bayan tsohuwar karaya ce da ɗorinta bai zauna daidai ba, ko targaɗe da aka sha yi, shi ya sa yakan kama mutum tun da sauran ƙarfinsa.

Matakin farko shi ne rage wa gaɓar nauyi, domin a kowane taku tana ɗaukar ninkin nauyin jiki sau da yawa, kuma mai ƙiba da ya rage ko 'yan kilo kaɗan yakan ji sauƙi. Ana barin gudu da tsalle da doguwar tafiya a kan gargada, a koma tuƙa keke ko iyo, amma ba a kwanta gaba ɗaya, gama gaɓar da aka daina motsawa sandarewa take yi.

Daga nan sai takalmi, wanda shi ne aka fi rainawa alhali yana cikin abubuwan da suka fi tasiri. Silifas ba ya riƙe dunduniya, don haka ana neman takalmi sau-ciki mai taurin ƙasa, wanda ƙasan nasa ya ɗan lanƙwasa ta gaba da baya, ta yadda ƙafa za ta mirgina a kansa maimakon idon sawu ya tanƙwaru. Idan gaɓar tana rawa ana ƙara maɗaurin idon sawu, sanda kuwa ana riƙe ta ne a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa.

Atisaye, wanda likitan gashi ya kamata ya tsara, ya haɗa da miƙar da sha-raɓa ana dafe da bango, da juya ƙafa a hankali, da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya. Ruwan ɗumi yana sassauta sandarewar safiya, ƙanƙara kuma, a naɗe cikin tsumma na minti 15, tana rage kumburi bayan wahala. Wanda tsuguno ko zaman tahiya ke tayar masa da ciwo yana iya amfani da kujera.

Idan gaɓar ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, ko ta kasa ɗaukar jiki, sai a garzaya asibitin ƙashi.