Darasin Mako: Manuwal Ko Otomatik, Da Wace Za A Fara Koyon Tuƙi?

Mota manuwal tana da abin takawa uku: kuloci, birki da totur. Otomatik kuwa biyu ne, domin ita ke canza giya da kanta. Shi ya sa koyo da ita ya fi sauri, ɗan koyo ba ya fama da mutuwar mota a tsakiyar titi, ana ta danna masa hon.

Duk da haka, mu dai shawararmu a fara da manuwal. Kunne zai saba da kukan inji, mutum ya san lokacin canza giya, ya iya tashi a kan tudu ba tare da mota ta sulale baya ba. Ga kuma batun neman abinci: yawancin motocin haya na tashoshinmu manuwal ne. Wanda ya iya manuwal, otomatik ba ta ba shi wuya, amma ɗan otomatik sai ya sake zama ɗan koyo. A Birtaniya ma, wanda ya ci jarrabawar tuƙi da otomatik, lasisinsa bai ba shi izinin tuƙa manuwal ba.

Sai dai iya kuloci ba ya maganin gudun wuce sa'a ko amsa waya ana tuƙi. Kuma a Najeriya sai an cika shekara 18 ake ba da lasisi, saboda haka ƙannenmu, a ƙyale makullin Baba inda ya ajiye shi.