Jirgi Ya Kwana a Fili, Matuƙi Ya Kwana a Kongo

Mutanen Zariya sun daɗe da sabawa da ƙugin ƙananan jirage a bisa kawunansu, domin tun 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya a garin, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya. A wannan kwaleji Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a ƙasar nan, ta koyi tuƙi, daga baya ma ta dawo ta shugabance ta. Saboda haka mai ƙaramin jirgi, ko wanda ya ɗauki shatarsa, idan wata hidima ta kira shi unguwar Kongo ta Zariya, walau taro a Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki ko ziyara a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana iya zaton babu garin da ya fi wannan sauƙin sauka a Arewa. Akwai gaskiya a zaton, amma da sharaɗi. Shawarar da nake ba shi ita ce ya gama tafiyarsa a ƙasa tun kafin ya tashi, wato izini da mai da sanin yanayi da masauki, sannan idan ya sauka ya ɗaure jirginsa a fili ya shiga gari ya kwana. Al'adar kafa tanti a ƙarƙashin fiffike, wadda matuƙa a Amurka suke alfahari da ita, ba ta dace da nan ba.

Wani zai ce, Bahaushe nawa ne yake da jirgin kansa har za a ɓata takarda a kan wannan? Kaɗan ne ƙwarai. Sai dai masu shiga ƙaramin jirgi sun fi masu mallakarsa yawa: akwai ɗaliban kwalejin da suke fita atisayen dogon zango, akwai 'yan kasuwa da 'yan siyasa da manyan malamai da ake ɗaukar wa shata, akwai kuma iyalansu. Fasinjan da bai san dalilin da ya sa matuƙi yake cewa "yau ba za mu tashi ba" shi ne yake matsa masa lamba, matsin lamba kuwa ya jefa matuƙa da dama cikin halaka a ko'ina a duniya. Don haka maganar ta shafi Alhajin da ke zaune a kujerar baya kamar yadda ta shafi mai riƙe da sitiyari.

Abu na farko, filin jirgin Zariya filin makaranta ne. Ba jirgin fasinja da ke zirga-zirga zuwa can a kan jadawali, kuma sararin da ke kewaye da shi na ɗalibai ne masu koyon tashi da sauka, waɗansunsu ma ranar ce karon farko da suka tashi su kaɗai. Baƙo ba ya faɗo musu kwatsam. Ka rubuta wa hukumar kwalejin tun da sauran kwanaki, ka faɗi irin jirginka da lambarsa da yawan mutanen da ke ciki da kwanakin da za ka yi, ka jira amsa a rubuce. Takardun jirgi da lasisinka da shaidar lafiyarka na hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama su zama da sauran wa'adi, tsarin tafiyarka kuma ka miƙa shi ga hukumar NAMA mai kula da sararin samaniya. Wanda izininsa na tafiyar ƙashin kai ne kada ya ɗauki fasinjan kuɗi, domin a 2024 hukumar NCAA ta dakatar da izinin masu jirage da dama a kan wannan laifi. Mai tasowa daga Maraɗi ko Yamai kuwa sai ya fara sauka a filin ƙasa da ƙasa, kamar na Malam Aminu Kano, ya gama da kwastan da jami'an shige da fice, kana ya ƙarasa Zariya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a ƙaramin jirgi. A tuna kuma Zariya garin soja ne, ga barikin Basawa kusa da filin, ga makarantar horar da kuratan soja, ga Jaji a hanyar Kaduna. Shawagi ƙasa-ƙasa don ɗaukar hoto a irin waɗannan wurare neman fitina ne.

Sai mai. Mafi yawan ƙananan jirage masu farfela ba sa shan man da manyan jirage ke sha. Nasu wani fetur ne na musamman mai launin shuɗi, wanda shigo da shi ake yi daga waje, ga tsada ga wuyar samu. Wahalar ta kai ita kanta kwalejin, wadda ta yi shekaru tana koyarwa da jiragen Tampico da Trinidad masu shan wannan fetur, ta koma sayen jiragen Diamond masu shan man manyan jirage, dangin kananzir. Idan makarantar da take da filin ta ga dacewar sauya jirage saboda mai, baƙo ba shi da hujjar zuwa da tanki rabi yana sa ran za a sam masa. Ka tabbatar ta waya cewa akwai irin manka kuma za a sayar maka, in ba haka ba ka zo da wanda zai mai da kai inda ka fito. Doka ta yarda wa mai tafiyar rana ya sauka da ragowar man rabin awa, amma a ƙasar da filayen sauka suke nesa da juna, ni a ganina awa ɗaya ce mafi ƙarancin abin da mai hankali zai bari. Idan daga duro aka zuba maka, a tace shi a gabanka, ka kuma tsaya ka ga irin man da idonka, don zuba kananzir a injin fetur yakan bar jirgi ya tashi lafiya sannan ya mutu a sama.

Yanayi ne ya fi cin lokacin mai tunani, kuma kowane kashi na shekara da irin tarkonsa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa. Ƙa'idar tuƙi da ido tana neman matuƙi ya iya hango nisan kilomita 5, alhali a ranar da hazo ya yi kauri nisan gani yakan faɗi ƙasa da kilomita 1, har manyan jirage su fasa sauka a Kano. Za a ce ai yanzu akwai na'urar tauraron ɗan Adam da ke nuna wa mutum inda yake ko da idonsa a rufe. Haka ne, tana nuna inda kake, amma ba ta nuna maka ko jirginka a miƙe yake ko a karkace. A cikin hazo layin da ya raba sama da ƙasa yakan ɓace, komai ya koma fari-fari, jikin mutum ya riƙa gaya masa a daidai yake tafiya alhali ya fara gangarawa gefe. Wanda ba a horar da shi tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba, kuma ba ya yawan gwada hakan, ba shi da abin yi a sama ranar hazo, balle ga duwatsun Kufena tsaye a yammacin gari. Ka nemi rahoton hukumar NiMet mai hasashen yanayi da safe, ka sake nema dab da tashi.

Bazara tarkonta ba a ganinsa. Zariya tana bisa tudu, kimanin mita 660 daga doron teku, kuma a watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 38. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka a irin wannan tsakar rana injin da fukafukai suna aiki ne kamar a filin da tsayinsa ya haura mita 1,600: jirgi ya daɗe yana gudu a kan titi kafin ya ɗaga, in ya ɗaga kuma ya riƙa hawa da ƙyar. A nan lissafin kaya yake shigowa. Jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172 abin da zai iya ɗauka duka-duka bai fi kilo 400 da 'yan kai ba, man cike da tanki ya cinye kusan 140, saura bai wuce na manya uku marasa kaya ba. Kujera huɗu ba ta nufin mutum huɗu da akwatunansu da tsarabar buhun masara. A auna kowa da komai, a tashi da sanyin safiya. Da damina kuwa, daga Mayu zuwa farkon Oktoba, hadari yakan taso daga gabas, galibi da la'asar ko cikin dare, da iska mai ƙarfi a gabansa tun kafin ɗigon farko ya sauka. Ƙaramin jirgi ba ya ratsa hadari, ba ya tsere da shi. Duk kashin shekarar da ka zo, ka tsara sauka da sauran rana, domin a nan da zarar an kira magariba duhu ba ya jira.

Wannan iskar gaban hadari ita ce dalilin da ya sa ba a barin jirgi sake. Kamar yadda ba a barin doki ba turke, haka za a ɗaure fukafukai biyu da wutsiya da igiya mai ƙwari, a sa waigi gaba da bayan tayoyi, a kulle sitiyari don kada iska ta yi ta kaɗa fallayen juyawa. In an samu gurbi a rumfar jirage, ya fi. A rufe gilashi saboda rana, a toshe kafofin injin saboda tsuntsaye masu saurin yin sheƙa. Akwai wani ɗan bututu siriri a ƙarƙashin fiffike, bakinsa bai fi kaurin fensir ba, wanda ta cikinsa jirgi yake auna gudunsa. Zanzaro yana son irin wannan rami, ya ɗebo laka ya liƙe shi, daga waje ba ka ganin komai. Masu bincike sun fi zargin irin wannan toshewa a haɗarin jirgin Birgenair da ya faɗa teku a watan Fabrairun 1996 bayan tashi daga Jamhuriyar Dominika, inda mutum 189 suka rasu. Murfin bututun ba shi da tsada; ka sa shi da zarar ka kashe inji, ka cire shi da hannunka da safe, ka leƙa ramin. Haka kuma kafin kowane tashi ka tsiyayo mai daga ƙasan kowane tanki a ƙaramin kofin gilashi, ka ɗaga shi saitin haske: idan akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin shuɗin man. Ka zubar, ka sake tsiyaya har ya fito garau. Da hunturu a yawaita duba matatar iska, don ƙura tana cin inji. Gyaran da ya wuce irin wannan dubawa aikin injiniya mai lasisi ne, wanda zai sa hannu a littafin jirgi, kuma kayan gyara ba a samunsu a kasuwar Sabon Gari, sai ka zo da ƙananan da ka san jirginka yana yawan nema.

Yanzu ga maganar tanti. A garin Oshkosh na jihar Wiskonsin ta Amurka, kowane watan Yuli jirage kusan dubu goma sukan taru, da yawa daga masu su suna kwana a tanti a gefen jiragensu, kuma masu son abin suna cewa wannan ne daɗin mallakar ƙaramin jirgi: ka sauka inda kake so, ka kwana kusa da dukiyarka. Ban raina wannan sha'awa ba. Amma can an tanadi wurin don haka, da ruwa da banɗaki da masu tsaro da ƙa'ida. Filin Zariya wuri ne mai shinge da dokar shiga, ba a tanade shi don kwanan baƙi ba, kuma halin tsaro bai bar wurin wasa ba. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya cikin dare sun sace mutane, a watan Maris na 2022 kuma aka kai hari filin jirgin Kaduna. Mutumin da ya sauko daga jirgin kansa kowa ya san mai abin hannu ne, kwanansa a fili tallata kai ne. Hujjar cewa kwana kusa da jirgi gadinsa ne ita ma ba ta tsayawa, domin masu gadin kwaleji sun fi baƙo sanin wanda ya dace ya kusanci wurin, matuƙin da ya kwana yana fama da sauro da fargaba kuwa bai cancanci ya ja jirgi da asuba ba. Sauka a wani fegi a daji don a kwana, wannan kam ko a fara tunaninsa.

Daga filin zuwa Kongo ba nisa, sai dai cunkoso: za ka biyo ta Kwangila, ka ratsa gefen Sabon Gari, ka haye gadar Kubanni ka shiga Tudun Wada. Ka sa mai masaukinka ya turo mota da direban da ya sani, maimakon ka tsaya bakin titi da kaya kana tsayar da keke napep. Akwai otal ɗin taro na Kongo da waɗansu masaukai a kewaye. Ka kira tukuna ka tambayi halin wuta da ruwa, musamman lokacin bikin yaye ɗalibai ko hawan salla, sa'ad da ɗaki yake wuya. Unguwar ta cancanci a kwana cikinta. Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki da ke nan ta faro ne a 1947 a matsayin makarantar koyon aikin akawu, ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962, kuma daga cikinta ma'aikatan mulki da alƙalai masu yawa na Arewa suka fito. Daga Kongo kana shiga birni ta Ƙofar Doka ka ga fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau da tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ka yi shiga ta mutunci, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada kuma ka riƙa shelar ranar tashinka ga kowa.

Abin da na fi roƙon matafiyi shi ne ya ƙara kwana ɗaya a lissafinsa wanda bai ɗaura wa wani alkawari ba, ya kuma riƙe kuɗin ɗaki da na motar da za ta kai shi Kaduna ko Kano da rana idan sama ta ƙi. Ranka ya daɗe mai ɗaukar shata, idan matuƙinka ya dubi hazo ya ce a ƙara kwana a Kongo, ka ce masa to.